Maigida zai kai ni gidan abinci, amma kunya nake ji

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni amarya ce, daga cikin birni aka kawo ni Tudun Wada. Maigidana ya ce ranar Asabar zai kai ni wani ɗan gidan abinci wajen unguwar PZ da ke Sabon Gari mu ci abincin dare. A gidanmu ban taɓa ganin matar aure ta ci abinci a waje ba, kuma ina tsoron Hajiyarsa ta ji ta ce ban iya girki ba. Ga maganar taifot da ake ta yi. In je ko in ba shi haƙuri?
Mai karatu, Tudun Wada, Zariya

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba da zaman lafiya. Ki shirya ki bi mijinki. Namijin da ya ce yau ki huta da tukunya, ku zauna ku biyu ku yi hira, ba a maida masa da alherinsa.

Sayen abinci a waje ba baƙon abu ba ne a Zariya. Tun da jirgin ƙasa ya iso a 1911 Sabon Gari ta fara cika da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa, masu tuwo-tuwo ke ciyar da gwaurayen cikinsu. Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 kuma ɗalibai suka buɗe wa masu abinci kasuwa a Samaru da Kongo. Abin da ba mu saba da shi ba, mu 'yan cikin ganuwa, shi ne mace ta kai loma baki a gaban maza. Wannan kunyar tarbiyya ce, ba na so ki yar da ita. Ki sa hijabinki, ku nemi teburin lungu, ki zauna kina ba ƙofa baya, shi ya fuskanci jama'a. In wurin yana da ɓangaren iyali, to faɗuwa ta zo daidai da zama.

Batun Hajiya kuwa, kada a ɓoye mata, kuma daga bakin ɗanta ya kamata ta ji. Ku taho mata da tsarabar farfesun kaza ko balangu. Ranar Juma'a ki tuƙa mata faten tsaki da yakuwa da gyaɗa da hannunki, a kai mata da zafinsa. Ba na jin za ta sake shakkar girkinki.

Tsoronki na taifot shi ne na fi ɗauka da muhimmanci, don na ga yadda yake kwantar da mutum. Ta ruwa da abincin da ƙazantar bayan gida ta taɓa ake kamuwa da shi, galibi ta hannun da ba a wanke da sabulu ba. Kina shiga ki fara duba wurin wanke hannu. In famfo ne ko buta da sabulu, madalla. In kwano ɗaya ne kowa ke tsomawa, ki taɓa maigida ku canza wuri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye ba kan wuta ba, ba cikin firji ba, kuma a riƙe zafinsa sama da digiri 60 a ma'aunin Celsius. Saboda haka ki zaɓi abin da za a yi a gabanki, kamar masa daga tanda, gasasshen kifi, ko tuwon shinkafa da miyar taushe mai tururi. Shinkafar da aka dafa tun azahar tana jira a kula, ki bar musu. Yankakken kabeji da latas ma ki haƙura da su a wannan zuwan, haka zoɓo da kunun ayan da aka ɗura a tsofaffin robobi. Ki sha ruwan gora da kika buɗe murfinsa da kanki.

Ku fita bayan sallar magariba, lokacin tukwanen dare ba su daɗe da sauka ba, ku dawo kafin Hajiya ta kwanta don ta ci tsarabarta da ɗumi.