Me ya hana Purito Rodríguez cin babbar gasar keke ko sau ɗaya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni sabon shiga ne a kallon tseren keke, ina yawan jin ana yabon wani ɗan Kataloniya mai suna Joaquim Rodríguez, wanda ake ce wa Purito. Na duba na ga bai taɓa cin Tour de France ko Giro ko Vuelta ba, wato manyan gasa ukun nan na sati uku-uku da ake yi a Faransa da Italiya da Sifen. To me ya sa ake kuzuzuta shi haka? Kuma me ya hana shi ci?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abin da ka gani gaskiya ne, bai taɓa ci ba, amma wallahi ya kusa har sau uku, kuma duk wanda ya kalli yadda ta riƙa kuɓuce masa sai ya ji tausayinsa.

An haife shi a Basilona a 1979, ya zama ƙwararre a 2001 da ƙungiyar ONCE. Mutum ne ɗan ƙarami, tsayinsa bai kai mita 1.70 ba, nauyinsa ƙasa da kilo 60. Wannan jikin shi ne arzikinsa, shi ne kuma matsalarsa. In aka zo hawa mai tsananin tsayuwa, irin gajeren nan da kake ganin manya suna layi da keke kamar za su faɗi, sai kawai ka ga ya miƙe tsaye kan feda ya fizga, cikin mita ɗari biyu ya bar kowa. Haka ya ci Flèche Wallonne, tseren rana ɗaya na Beljiyam, a 2012 a kan hawan Mur de Huy, ya sake cin zango a wannan hawan a Tour na 2015.

Toh amma gasar sati uku ba hawa kaɗai ba ce. Akwai tseren agogo, inda kowa ke fita shi kaɗai ba wanda zai kare masa iska, yawanci a shimfiɗaɗɗiyar hanya. A nan ƙarfin ƙafa zalla ake so, nauyi ba ya cutar da kai sosai, don haka ƙato mai kilo 70 da wani abu zai fi shi tura keke nesa ba kusa ba. Daƙiƙoƙin da Purito ya sha wuya ya tara a duwatsu na sati biyu sai su zube a rana ɗaya. A Vuelta na 2010 yana sanye da jar rigar jagora ya shiga tseren agogo na Peñafiel, ya fito ya rasa wajen minti shida.

Wadda ta fi ciwo ita ce Giro na 2012. Ya shiga rana ta ƙarshe a Milan da riga ruwan hoda ta jagora, yana gaban Ryder Hesjedal ɗan Kanada da daƙiƙa 31, kuma ranar ƙarshen nan tseren agogo ne. Ya yi iya yinsa gaskiya, ya ma fi yadda aka zata, amma Hesjedal ya ɗauke gasar da daƙiƙa 16 kacal bayan tafiyar fiye da kilomita 3,000.

A Vuelta na shekarar kuwa ba agogo ne ya kayar da shi ba, nan kam dabara ce. Ya riƙe Alberto Contador a duk manyan duwatsu, duk harin da Contador ya kai sai ya bi shi har ma ya wuce shi a bakin layi. Sai a zango na 17 zuwa Fuente Dé, ranar da kowa ke ganin ba wani abu da zai faru, Contador ya kai hari tun saura wajen kilomita 50, yana da abokai a gaba suna jiransa, Purito kuma ya waiga ba 'yan ƙungiyarsa ta Katusha a kusa da za su ja shi. Ya rasa fiye da minti biyu, ya ƙare na uku.

Akwai kuma abin da mutane ke mantawa. Daga 2006 zuwa 2009 yana ƙungiyar Caisse d'Epargne yana yi wa jagoranta Alejandro Valverde hidima, shi ke ja masa hanya a dutse. Sai da ya koma Katusha a 2010 yana da shekara 30 sannan ya zama mai gidan kansa, a shekarar ce ma ya fara shiga Tour de France. A ganina waɗannan shekarun da ya yi a inuwar wani sun ci shi fiye da yadda ake faɗa.

Maganar yabo kuwa, ai ya cancanta. Ya hau mumbari, wato ya ƙare cikin ukun farko, a dukkan manyan gasa ukun, na uku a Tour 2013, na biyu a Vuelta 2015 bayan Fabio Aru. Sau uku yana zama na ɗaya a jadawalin duniya na UCI, hukumar tseren keke ta duniya, a 2010 da 2012 da 2013. Ya ci Volta a Catalunya ta gida sau biyu, 2010 da 2014. A gasar duniya ta 2013 a Florence, cikin ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, yana gaba shi kaɗai Rui Costa ɗan Fotugal ya kamo shi daf da ƙarshe, Valverde ɗan ƙasarsa da ya kamata ya bi Costa bai bi ba, Purito ya tsaya kan mumbari da azurfa a wuya yana hawaye. Bayan sati ɗaya ya je ya cinye Giro di Lombardia, babban tseren rana ɗaya na Italiya, karo na biyu a jere.

Ya sanar da ritayarsa ana tsakiyar Tour na 2016, a ranar hutu a Andorra inda yake zaune, sannan ya zo na biyar a wasannin Olamfik na Rio. In kana son ka gane shi sosai, nemi bidiyon zangon Fuente Dé ka kalla tun daga inda Contador ya tashi.