Atamfar da ta fito daga adakar kaka

Ka tambaye ni me ya sa na karɓe almakashi daga hannunka jiya, alhali matar da ta kawo atamfar ta faɗi abin da take so, doguwar riga mai kama jiki irin wadda ta nuna mana a waya. Jawo kujera ka zauna, yarona, ka miƙo min turmin nan.

Fara shinshinawa. Ka ji kafur? Wannan atamfa ta fi shekara hamsin a ninke cikin adaka. Dubi bakinta, inda aka buga rubutu da lamba: Holan ce ta gaske, aikin Vlisco, masaƙar da ke garin Helmond tun 1846. Juya bayanta. Rinin ya kama ciki kamar yadda ya kama waje, ba irin mai arahar da fuska ɗaya kawai take da kyau ba. To amma ɗaga ta ka saita hasken ƙofa. Ka ga layin nan da haske ke ratsawa? Karin ninki ne, zaren wurin ya gaji. Da ka yanka yadda ka auna, layin zai faɗo daidai ƙugu, amarya ta sunkuya gaida surukai a ji kyat. Wa za a zaga? Ni, ba kai ba.

Matar da ta kawo ta, na san gidansu tun ina almajirin ɗinki kamarka. Atamfar ta kakarta ce, daga cikin lefenta. Tsohuwar ba ta taɓa taka kanti ba, tana cikin kulle. Dillaliya ke ɗauko kaya daga Kantin Kwari ta kai har tsakar gida, a baje a tabarma, a yi ciniki a hankali, a biya da kuɗin adashi. Kuma ba don ɗaurawa kaɗai ake saye ba. Turmin Holan ajiya ne, kamar kwalla da tasa. In rana ta ɓaci, dillaliyar da ta kawo shi ita za ta zo ta fitar da shi.

'Yar tsohuwar kuwa, uwar matar da ta kawo ta, malamar firamare ce, ita ta ga zamanin manyan kantuna. Kingsway na kamfanin UAC, da Leventis, da Chellarams: kaya a jere bayan gilashi, kuɗi a rubuce a jiki, ba tayi ba ragi. Shekarar da aka biya kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin ma'aikatan gwamnati, ta je ta sayo takalmi da jaka, ta kawo wa maigidana wata rigar kanti ta Turawa ta ce a kwaikwayi hannunta a jikin atamfa. Ranar na fara ganin an farke riga sabuwa fil don kawai a ga yadda aka haɗa ta. Maigidana ya shimfiɗa gutsattsarin a kan takardar siminti ya zana da alli, muka yi shekaru muna cin abinci da wannan takarda. Zanin yau da kullum kuwa 'yar Kaduna take ɗaurawa, don lokacin masaƙu na aiki ba dare ba rana, masaƙar KTL tun 1957, ga ta UNTL. Yanzu Kingsway sai labari, masaƙun sun yi tsit, jikar kuma a WhatsApp take zaɓen kaya, rabinsu daga Sin.

Ka lura da abu ɗaya: malamar nan ta ɗinka atamfa ta fi ɗari, amma ba ta taɓa sa wa wannan almakashi ba. Ta karɓa daga uwarta, ta miƙa wa 'yarta a ninke. Yau ana so a ɗinka wa ta huɗu, wato amaryar, don ranar kamu. Yadi shida ne kacal, kuma ko Kwari ka zagaye kaf ba za ka samo ƙarin irinta ba.

Ga yadda za mu yi. Za ka jiƙa ta a ruwan sanyi, ban da omo, ka shanya a inuwa. In ta sha iska ka goge ta ta baya, dutsen guga kada ya yi zafi sosai. Sannan mu bi duk karin da ya gaji mu yi masa alama da alli, mu tsara yanka yadda zai faɗa cikin ɗinki ko kalmasa. Yadi biyu za mu ware su zama zani, ba yanka ba tsaga, kalmasa kawai, har da rubutun bakin. Rigar a sa mata shafi mai laushi ya ɗauke mata nauyi, a bar rara inci biyu kowane gefe, domin jikin amarya ba ya zama yadda yake bayan haihuwar fari. Allura siririya za ka sa, ka buɗe takun keken kaɗan.

Ita kuma mai kayan, ni zan kira ta in gaya mata rigar wayar nan mu yi mata da sabon yadi. In ta ƙi, kayanta ne, sai mu yanka, amma da hannuna. Tashi ka ɗebo ruwa a baho, ka wanke hannunka tukuna, akwai man keke a yatsunka.