Ga ɗan'uwa mai tarin dare a gidan biredi

Wa'alaikumus salam. Ka ce shekara biyu kana kwaɓa fulawa, yanzu tari da toshewar ƙirji sun hana ka barci, kana tambaya ko aikin ne ko sanyi. Shekara 6 na yi a ɗakin kwaɓi, na san wannan daren.

Nawa da atishawa ya fara, ido ya yi ja, hanci yana zuba da zarar an farke buhu. Na sha maganin mura na kemis har na gaji. Babbar Sallah ce ta tona asiri: kwana biyar a ƙauye ƙirjina wasai, na koma aiki, dare na biyu sai ga shi yana kuka kamar kyanwa. Abin da ke ruɗa mutum shi ne sau da yawa ba a wurin aiki yake tashi ba, sai ka koma gida ka kwanta.

Da na je asibiti, tambayar farko da likita ya yi mini ita ce ko ina samun sauƙi ranakun hutu. Ya ba ni ɗan bututun gwajin ƙarfin numfashi, ya ce in riƙa busawa aƙalla sau 4 a rana har mako 4, ranar aiki da ranar hutu, ina rubuta lambar a littafi. Littafin nan, da duk maiƙon da ya sha, shi ya yanke hukunci: lambar tana faɗuwa ranakun aiki, ta tashi ran hutu. Daga baya aka ɗiga mini ruwan gwaji a hannu, aka ɗan tsikari fatar, cikin minti 15 wurin da aka ɗiga ruwan alkama ya kumbura kamar cizon sauro. Asma ce. Wasu kuma ba alkamar ce ke tayar musu ba, sinadarin amilas ne da ke cikin garin gyara biredi.

Kada ka ajiye aiki kafin a gwada ka, don in ka daɗe da barin ƙurar gwajin numfashin ba zai nuna bambancin ba. Ventolin, maganin asma na shaƙa, yana buɗe ƙirji, amma bai hana ciwon ci gaba muddin kana shaƙar fulawa. Kafin ka ga likita, daina kakkaɓe buhu, ka daina shara a bushe, ka nemi takunkumin N95. Na yadi ba ya tare ƙurar yadda ya kamata. In numfashi ya sarƙe har magana ta gagara, asibiti kai tsaye ko da tsakar dare ne.

Ni dai maigida ya mayar da ni rabon biredi a babur. Kuɗin ya ragu, amma ina barci.