Amsa kan fanshon Baba da ya tsaya: ina amfanin zuwa wajen ɗan majalisa?

Wa'alaikumus salam ɗan uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya saka masa da alheri kan hidimar da ya yi wa ƙasa. Ka ce tsohon soja ne mazaunin Kumo da ke ƙaramar hukumar Akko a jihar Gombe, fanshonsa ya tsaya, ga ciwon suga da hawan jini, damina kuma ta kayar da ɗaki ɗaya da katanga, jama'a suna ta ce maka ka je wajen Honorabul. Kana so ka san ko zuwan zai yi amfani.

Zai yi, amma ya danganta da abin da ka je nema. In ka shiga layin masu jira a ƙofar gida da safe, abin da za ka samo bai wuce kuɗin mota da na maganin sati biyu ba, fansho kuma yana nan a tsaye. Abin da ɗan majalisa yake da shi wanda kai ba ka da shi, shi ne wasiƙa mai tambarin majalisa da ikon sa hukuma ta zo ta yi bayani. Wannan za ka nema. Kuma ka raba matsalolin nan uku, don ba ƙofa ɗaya ake buga musu ba.

Fansho shi ne babba. Na soja a hannun gwamnatin tarayya yake, Hukumar Fanshon Sojoji da ke Dutse-Alhaji a Abuja ce ke biya. Tun 2011 aka cire sojoji daga tsarin fansho na karo-karo, saboda haka kada wani ya tura ka ofishin kamfanin fansho, ɓata lokaci ne. Ɗan majalisar jiha ma ba huruminsa ba ne. Mutanenka biyu ne: wakilin mazaɓar Akko a Majalisar Wakilai, da sanatan Gombe ta Tsakiya.

Kafin ka je wajensu ka gano abin da ya tsayar da kuɗin. Yawanci ba ya wuce abu uku. Ko an yi tantancewa Baba yana kwance bai samu yi ba, aka cire sunansa daga jerin biya. Ko sunan da ke takardar sallama bai zo ɗaya da na BVN da NIN ba, misali can Muhammadu, nan Mohammed, ko ranar haihuwa ta bambanta. Ko kuma asusun ne ya samu matsala, banki ya rufe shi ko an canza ba a sanar da hukuma ba. Ka fara da banki, ka karɓo bayanan asusu da ke nuna watan ƙarshe da kuɗi ya shiga. Daga nan ka leƙa ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Legion a Gombe. Su suka fi kowa sanin lokacin da aka yi tantancewa ta ƙarshe da yadda ake yi wa marar lafiya da ba ya iya tafiya.

Sai Baba ya rubuta wa shugaban hukumar takarda da sunansa, ya sa hannu ko ya dangwala. Shafi ɗaya ya isa: cikakken suna, lambar soja, muƙamin da ya yi ritaya da shi, shekarar shiga da ta fita, sunan banki, watan da biya ya tsaya, lambar waya mai aiki. A haɗa kwafin takardar sallama, katin shaida, NIN, bayanan banki da hoton fasfo. Duk wanda ya kai takardar ya tabbata an buga masa hatimin karɓa mai kwanan wata a kan kwafi na biyu. Wannan kwafin mai hatimi shi ne jarinka, don tambayar farko da za a yi maka a ofishin ɗan majalisa ita ce ko kun rubuta wa hukumar da kanku.

Shi za ka ɗauka zuwa ofishin mazaɓa, ba gida ba. Ka nemi mataimakinsa mai kula da takardu, ka faɗi buƙatarka a fili: wasiƙa daga Honorabul zuwa hukumar, ɗauke da lambar sojan Baba, tana neman bayani. Sau da yawa wannan kaɗai ke sa a ɗauko fayil. In an yi wata biyu shiru, sai a koma ga takardar koke. Ana rubuta ta zuwa ga Kakakin Majalisa ta hannun wakilinka, shi zai gabatar a zaure, a miƙa ta ga kwamitin koke-koken jama'a, kwamiti ya gayyaci ɓangarorin biyu Abuja. Sashe na 88 da na 89 na kundin tsarin mulkin 1999 su suka ba majalisa ikon bincike da kiran jami'i ya bayyana. Abu biyu ke kashe koke: a rubuta shi da zagi da zargin da babu hujja, ko kuma maganar tana gaban kotu, don majalisa ba ta taɓa abin da ke kotu. Ka sani kuma hukuncin kwamiti shawara ce, ba umarnin alƙali ba, yana ɗaukar watanni, kuma in majalisa ta tafi dogon hutunta na damina komai tsayawa yake.

Wata magana mai nauyi, amma gara a yi ta yanzu: tun Baba yana da ƙarfin sa hannu, a duba sunan wa ya rubuta a matsayin magaji a takardunsa na soja. Akwai waɗanda tun suna samari suka sa sunan wa ko ƙane da ya riga su rasuwa, ba a gyara ba, iyali su zo su sha wahalar da ta fi wannan.

Batun lafiya kuwa, kafin ka roƙi kowa ka bincika ko Baba yana da rajista da DHML, kamfanin inshorar lafiya na sojoji, wanda ya haɗa da masu ritaya. In yana da ita, akwai asibitin da aka ɗora sunansa a kai, daga can ake farawa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki marar lafiya kai tsaye zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya a Gombe ba takardar turawa, ba lambar amincewa, sai a ce ku biya daga aljihu. In ba shi da rajista, ko katin ya daina aiki, to wannan shi ne abin da za a sa a wasiƙa ta biyu da za ka nema daga Honorabul.

Sauran mutanen gida sai ku duba GoHealth, hukumar inshorar lafiya ta jiha. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, daga ciki ake yi wa masu juna biyu, yara 'yan ƙasa da shekara 5, tsofaffi da masu ƙaramin ƙarfi rajista kyauta a asibitin gunduma. Guraben ba su da yawa, kuma a nan kansila da ɗan majalisar jiha suka fi sanata amfani, don su ke jin labarin buɗe rajista da wuri. A ganina, in Honorabul ya ce me zai yi muku, ku ce ya biya wa Mama inshorar shekara guda maimakon ya ba da kuɗi a hannu. Ciwon da ake shan magani kullum, kyautar rana ɗaya ba ta riƙe shi.

Gida ne inda hannunsu ya fi gajarta, kada ka sa rai da yawa. Ɗan majalisa ba ya rabon gidaje ko filaye. Dokar 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna, takardar mallaka kuma ta GOGIS, hukumar kula da bayanan filaye ta jiha, ake bi. Ɗakin da ya rushe aikin hukumar agajin gaggawa ta jiha ne, ta hannun ƙaramar hukuma. Ku ɗauki hoto kafin a kwashe ƙasa, mai unguwa ya rubuta shaida, a kai da wuri, don da zarar an rufe jerin sunaye shiga ta yi wuya. Abin da ake samu kwano ne da siminti da katako, ba kuɗin gini ba. In kuma ruwa ne ke bi ta unguwar duk shekara, ku haɗu ku rubuta neman magudanar ruwa a cikin ayyukan mazaɓa, ku miƙa kafin a gabatar da kasafin kuɗi, don bayan nan sai wata shekarar. Ka tambayi Baba ko an taɓa cire masa kashi 2.5 cikin 100 na asusun gidaje na ƙasa daga albashi. In an cire, yana da haƙƙin neman a mayar masa ta Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya.

Takardun asali kada su bar hannunku, kwafi kawai ake bayarwa. Katin ATM da lambar sirri ba a ba kowa, ko da ya ce daga Abuja aka turo shi. Wasiƙar ɗan majalisa da gabatar da koke duk kyauta ne, wanda ya ce a ba shi kaso cikin bashin fansho in ya fito ku rabu da shi. Ranar da ka miƙa takarda a ofishin mazaɓa ka rubuta sunan wanda ya karɓa, ka nemi kwafin wasiƙar da aka aika, ka koma bayan sati biyu.