Amsoshin Tambayoyinku: Bindigar da Ta Sha Yabo Kafin a Gwada Ta

Wani ɗan'uwa mai tuƙa babbar mota a jihar Texas ta Amurka ya rubuto cewa yana da damar mallakar ƙaramar bindiga bisa doka, kuma yana son biyan kuɗin wata sabuwar ƙira da ake ta kambamawa a YouTube tun kafin ta iso shaguna.

Malam, ka riƙe kuɗinka tukuna. A farkon 2014 kamfanin Remington ya fitar da ƙirar R51, mujallun bindiga suka yi ta yaba ta, amma da ta shiga hannun masu saye sai ƙorafi ya yi yawa: harsashi yana maƙalewa, kwanso yana ƙin fita. Cikin 'yan watanni kamfanin ya dakatar da ita, kuma waɗanda suka mayar da tasu ba su ga gyararriyar ba sai a 2016. Haka ita ma P320 ta kamfanin SIG Sauer, wadda rundunar sojan ƙasa ta Amurka ta zaɓi wani nau'inta a Janairun 2017 domin maye gurbin Beretta M9. A watan Agusta na shekarar aka nuna cewa wadda ake sayar wa farar hula tana iya tashi idan ta faɗi ƙasa ta wata kusurwa, ba tare da an taɓa kunama ba.

Abin da ke damuna shi ne ɗokin sabon abu, wanda ya zame mana ciwo. Mai yabo a bidiyo sau da yawa kamfani ne ya aika masa kayan, ya harba 'yan harsasai a rana ɗaya ya rufe kyamara, kai kuwa ranka za ka jingina a kanta. Waya idan ta ba ka kunya, asarar kuɗi kawai ka yi, amma bindiga idan ta ƙi tashi lokacin buƙata, ko ta tashi lokacin da ba a so, babu mai mayar maka da abin da ya salwanta. Ka bari ƙirar ta shekara a kasuwa, ka je filin koyon harbi ka yi hayar irinta ka ji yadda take a hannunka, sannan ka ware kuɗin horo da na akwatin ƙarfe mai makulli kafin na bindigar.

Wata baiwar Allah kuma ta ce maigidanta yana da tsohuwar P320, ga yara ƙanana a gida, har barci yana gagararta.

'Yar'uwa, damuwarki tana kan hanya, kuma Allah Ya tsare miki zuri'a. Ku duba lambar da ke jikin bindigar a shafin kamfanin, domin tun 2017 ya buɗe shirin gyara tsofaffin kyauta. Ki sani kuma cewa an ci gaba da kai ƙara a kotunan Amurka kan tashin bindigar da kanta, ko da yake kamfanin yana musantawa. Ko an gyara ko ba a gyara ba, a cire harsasai, a kulle ta, a ajiye harsasan a wani wuri dabam.

Na ukun daga nan gida Najeriya ya rubuto, wai an yi masa tayin ƙaramar bindiga ƙirar "Beretta" da araha, yana tambaya ko ta kai sunanta.

Wannan tambaya ba ta kamace ka ba. Dokar makamai ta 1959 ta sa fistol, wato ƙaramar bindiga, cikin makaman da aka haramta, sai da lasisin Shugaban Ƙasa, don haka ciniki ne da ƙarshensa gidan yari. Ga shi kuma maƙeran ɓoye suna buga sunan manyan kamfanoni a jikin ƙirar gida, wadda ƙarfenta kan iya tarwatsewa a hannun mai harbi. Ka rabu da mai tayin tun yau.