Ga ƙanwata da labarinta ya cije a babi na tara

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Kin ce kina rubuta labarin matasa, na wata yarinya 'yar shekara 16 da ta gano tana da ikon sihiri, ta bar gida neman wani dutse da zai ceci mutanenta. Babi takwas sun tafi sumul, a na tara kuma labarin ya cije, duk abin da kika rubuta sai ki ga kamar kin riga kin rubuta shi a baya. Kina tambaya ko ki ƙaro wani mugu, ko ki ƙara mata ƙarfi, ko ki ajiye shi ki kama wani.

Kada ki ajiye shi. Mugun ma ki dakata da shi tukuna. Ƙarin ƙarfi kuwa shi ne zai ƙarasa kashe labarin, kuma zan gaya miki yadda na san haka.

Ni a babi na goma sha ɗaya nawa ya tsaya. Labarin wata yarinya ce da ruwa ke yi wa magana. Rijiya, kogi, ko raɓar da ke kan ganye, in ta tambaya sai su gaya mata abin da take son sani. Wasu mahaya suka ɗauke ƙanenta, ta bi sawunsu. Babi goma ina ta jin daɗina: ta isa mararraba ta tambayi kududdufi ya ce hagu, ta shiga daji ta tambayi ƙorama ta ce gaba. Da abin ya ƙi gaba sai na ba 'yar yayata ta karanta, lokacin tana da shekara 14. Dare biyu ta gama. Da ta dawo mini da takardun, a gefen shafi na uku na ga ta rubuta da fensir: "Anti, me ya hana ta tambayar rijiyar gidansu inda za a kai shi tun ranar farko?" Mako guda na yi ina neman amsar da zan ba ta, ban samu ba. Babu abin da ya hana ta. Na ba yarinyar iko a banza, ba iyaka, ba biya, don haka duk wata wahala da na sa a gabanta ta ƙarya ce, kuma 'yar shekara 14 ta gane hakan kafin ni.

Ina zaton ciwon naki ke nan. Ruwa ba ya tsami banza. Idan jarumarki na iya fita daga kowane tarko da ɗaga hannu kawai, to babi na tara ba shi da wani sabon abu da zai ba ki, sai dai tarko mafi girma da ɗaga hannu mafi ƙarfi, wato maimaicin da kike kuka da shi.

Abu biyu na yi wa nawa. Na farko, na yi wa ikon shinge: ruwa bai san komai ba sai abin da ya wuce ta gabansa. Rijiyar gidansu ta ga mahayan sun fita ta ƙofar yamma, iyakar saninta ke nan. Wannan kaɗai ya amsa tambayar fensir ɗin, ya kuma tilasta tafiyar, tunda dole yarinyar ta bi ruwa bayan ruwa, in ta shiga ƙasar da babu ruwa kuma ta zama kamar kowa. Na biyun shi ne ya tayar da labarin daga kwance. Na sa ruwa ba ya ba da amsa sai an biya shi da amsa. Ta yi masa tambaya ɗaya, ya yi mata ɗaya, in ta yi ƙarya ya janye.

Bari in nuna miki wurin da na fara gwada shi. Ta isa wani ƙauye da yamma, ta durƙusa a bakin rijiyarsu guda ɗaya tak, ta ce, "Ina suka bi da shi?" Ruwan ya ce, "Ke fa, me ya fito da ke?" Ba ta ko yi tunani ba ta ce, "Ƙanena." Sai ta ji wani sauti daga ƙasa kamar ana zuƙe abu, gugan da ɗazu ke yawo a kan ruwa ya koma yana lilo a iska, igiyar ba ta kai ba kuma. Ta waiwaya, ga mutanen ƙauyen sun jeru a bayanta suna jiran ta gama su ɗebi ruwan kwana.

Lokacin da na rubuta wannan, ni kaina ban san me ta ɓoye ba. Na dai san ruwan ya janye, to lallai amsarta ba ita ce gaskiyar duka ba. Sai na zauna ina tambayarta kamar yadda ruwan ya tambaye ta. A hankali ya fito: ita aka bar wa tsaron yaron ranar da aka ɗauke shi, ta bar shi ta tafi kallon ayarin da ke wucewa. Wannan shi ne laifin da ta sani, ta kuma faɗa wa wani kogi a babi na goma sha huɗu tana kuka. Amma akwai na ƙarƙashinsa, wanda bai fito daga bakinta ba sai a babi na goma sha tara: ta daɗe tana son barin gidan nan, kuma da ta fita bin sawu, a ƙasan tsoronta akwai wani farin ciki da take jin kunyarsa. Tana son ƙanenta, gaskiya ne. Tana kuma son hanyar. Sai da ta iya faɗin duka biyun a numfashi ɗaya ruwa ya buɗe mata.

Kin ga abin da ya faru? Sihirin, da tafiyar, da gano kai, da can abu uku ne ina jan su daban-daban, sai suka koma igiya ɗaya. Duk sanda ta yi amfani da ikonta don ta matsa gaba a hanya, dole ta matsa gaba a sanin kanta, ko kuma wasu su kwana da ƙishirwa saboda ita. Ban ce ki ɗauki nawa ba. Ki nemo wa taki biyan da ya dace da ita, wanda zai taɓa daidai wurin da take karewa. Yawancinmu da zarar an ce sihiri ya kasance da biya sai mu sa jaruma ta gaji, ko hancinta ya yi jini, ko ta suma. Wannan ba ya ciwo, domin ta yi barci ta tashi garau. Biyan da ke aiki shi ne wanda barci ba ya mayarwa: amincin aboki, wani abu da take tunawa da mahaifiyarta, sunanta mai kyau a idon waɗanda suka yarda da ita.

Game da dutsen nan kuma, ki yi masa wannan gwaji. A ce a babi na biyu wani baƙo ya zo ya miƙa mata shi, mutanenta suka tsira. Me aka rasa? In amsarki ita ce an rasa faɗace-faɗace da wurare masu ban mamaki, to har yanzu dutsen ne ke tafiya, yarinyar dako kawai take yi. Ya kamata a ce ko an miƙa mata shi a babi na biyu ba za ta iya amfani da shi ba, domin wadda za ta iya ɗin ba ta riga ta zama ba.

Ƙashin irin wannan labari tsoho ne, kada ki damu cewa wasu sun riga ki. A 1928 wani masani ɗan Rasha, Vladimir Propp, ya tankaɗe tatsuniyoyin ƙasarsu guda 100, ya ga matakai 31 ne suke ta dawowa: a yi ɓarna ko a rasa wani abu, jarumi ya bar gida, wani ya jarraba shi kafin ya ba shi abin taimako, a yi karo, a dawo. Mu ma Ruwan Bagaja da ya fito a 1934 a kan neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki aka gina shi. Sai dai ki lura, shi wannan daɗinsa na cikin raha da dabarun da ake yi a kowane gari, har za ki iya ɗauke wani zango ki mayar gaba ba tare da labarin ya karye ba. Wanda kike rubutawa ba zai jure haka ba, tunda alkawarin da kika yi wa mai karatu shi ne yarinyar za ta canza. Ki ɗauki babinki na biyar da na bakwai ki musanya su a zuci. In babu abin da ya lalace, to jere su kawai kika yi. Ni takarda guda na samu, na rubuta kowane babi a layi ɗaya, na duba kalmar da ke haɗa shi da na gaba. Duk inda na ga "sai kuma", na san akwai gyara. Abin da nake nema shi ne "saboda haka" ko "amma". Daga babi goma, uku ne kaɗai suka tsira yadda suke.

Wani abu da na lura da shi a rubutun masu farawa, har da nawa na da: babban malami mai farin gemu da ya san komai, yana biye da jaruma har ƙarshe. Muddin yana nan ba za ta taɓa yanke shawara ba, tambaya kawai za ta yi. Ki raba su da wuri. Ba dole ya mutu ba, ni na fi son ya yi kuskure a gabanta, ta gani da idonta cewa wanda ta dogara da shi ma yana lalube ne. Wannan shi ne ainihin abin da ɗan shekara 15 ke fuskanta a rayuwarsa, ranar da ya gane ba komai ne manya suka sani ba, kuma shi ya sa masu karatun nan, 'yan 12 zuwa 18, suke riƙe irin waɗannan littattafai da hannu biyu. Haka batun annabcin da aka yi tun shekara dubu cewa ita ce zaɓaɓɓiya. Ba na ƙin sa gaba ɗaya, amma yana sace mata zaɓi. In kin riga kin sa shi, ki bar ƙofar shakka a buɗe, ko an yi masa mummunar fahimta, ko akwai wata da ta fi ta dacewa amma ta ƙi.

Mugu kuma, in za ki ƙara masa wani abu, ki ƙara masa gaskiya. Nawa na mayar da shi mutumin da shi ma ruwa ke yi wa magana, ya gaji da tambayoyinsa, ya koyi tilasta masa, ƙasar da ya ratsa duk ta bushe. Yarinyar in ta dube shi tana ganin inda hanyarta za ta kai ta in ta ci gaba da gudun amsa. Ya fi dodanni goma ba ta tsoro.

Ki kula da kalma ma. Sihiri, tsafi, siddabaru, baiwa, kowace da nauyinta a kunnen mai karatu. Tsafi na jawo duhu da jini, siddabaru na jawo wasa da rufa ido, baiwa kuma abu ne da aka ba mutum bai nema ba. Ki zaɓi wadda ta dace da duniyarki, ko ki bar mutanen cikin labarin su raɗa wa abin sunansu. A nawa ba a taɓa cewa sihiri ba, "sauraro" suke ce masa, masu yin sa kuma "masu kunne".

Abu ɗaya nake roƙonki kada ki yi: kada ki sa ta tsaya a kan dutse a babin ƙarshe tana bayanin abin da ta koya game da kanta. Matasa na jin ƙamshin wa'azi tun daga nesa, su rufe littafin. Ki maimaita mata wani yanayi da ta faɗi a farko, ki bari mu ga ta yi wani abu daban. Tawa a ƙarshe ta koma rijiyar ƙauyen nan da ta ƙafar, ba ta da wata tambaya da za ta yi mata, ta durƙusa ta ba ta amsar da ta hana ta.

Yanzu ki bar babi na tara ya huta. Ki rubuta mini layi uku: abin da ikonta ba zai iya ba, abin da yake ci a jikinta ko a ranta duk sanda ta taɓa shi, da kuma abin da ba ta son kowa ya sani game da dalilin fitowarta. Na ukun zai yi miki wuya, ni ya ɗauke ni kusan wata biyu. Ki turo tare da babi na ɗaya da na takwas in duba miki, in Allah ya yarda. In kuma kina da wani ƙane ko ƙanwa mai shekarun jarumarki, ki miƙa masa takardun da fensir, ki ce ya ja layi a duk inda ya ji yana son ajiyewa.