Rami na kewaye yake fitowa kamar ƙwai

TAMBAYA: Salam Injiniya. Ina da injin CNC, wato injin yanka ƙarfe da kwamfuta ke sarrafawa, na saye shi na hannu, a Sharaɗa ta Kano, muna yanka gidan boris da shi, to kwana biyu ramin ba ya fita daidai, sai ya ɗan miƙe kamar ƙwai, kuma wanda muka yanka da safe boris ya zauna cif amma na bayan azahar sai an buga da guduma. Yarona ya ce kwamfutar ce ta lalace a sake mata firogiram. Don Allah ya zan yi?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka bar kwamfutar nan ta huta tukuna, lambar da kake gani a fuskarta inda ta tura tebur take faɗa maka, ba lallai inda teburin ya tsaya ba.

Fara da abin da ba zai ci maka kuɗi ba. Samu agogon awo, wato dayal geji mai karanta 0.01 na milimita, ka manna maganaɗisunsa a jikin injin, bakinsa yana taɓa tebur ta layin X, wato hanyar da tebur ke tafiya hagu da dama. Matso da tebur har allura ta motsa ka mayar da ita sifili, ƙara milimita 2 ta wannan ɓangaren, sannan ka ce ya dawo milimita 2. In allura ba ta koma sifili ba, abin da ya rage shi ne wasan da ke tsakanin dogon sukurun da ke jan tebur da notinsa. Yi haka a tsakiya da kuma ƙarshen tebur, don tsakiya ta fi cinyewa tunda nan ake yini ana aiki, ga ƙurar hunturu tana haɗuwa da giris tana goge ƙarfe kamar samfefa. Ka maimaita a layin Y, wato gaba da baya.

Shi kansa ramin yana ba da labari. In ka shafa da farce ka ji ɗan tudu a wurare huɗu inda injin ke juya akala, wasan nan ne. In kuma ƙwan ya kwanta a karkace, daga kusurwa zuwa kusurwa, to wataƙila X da Y ba su yi sukwaya ba, kuma sau da yawa lebur ne ya gudu, wato injin bai zauna daidai a ƙasa ba, daɓe ya ɗan zauna ko tun ranar da aka sauke injin ba wanda ya sake ɗora masa lebur.

Maganar safe da azahar kuwa zafi ne. Ƙarfe mai tsawon mita ɗaya yana ƙaruwa da wajen 0.012 na milimita a kowane digiri, ka ga digiri 10 kawai ya ba ka 0.12, alhali gidan boris ɗan kaɗan yake yafewa. Ma'aunin duniya a kan digiri 20 aka tsayar da shi, mu kuma a Afrilu muna haura 40 ƙarƙashin kwano. Ka riƙa barin injin ya yi gudu haka nan kamar minti 20 kafin yanka, kuma kar ka auna aiki yana da ɗumi.

Masu awo na gaske suna zuwa da leza, bisa ƙa'idar duniya ta gwajin injuna, ISO 230-2, su kai tebur kowane wurin awo sau 5 ta gaba sau 5 ta baya, sai a zuba gyaran a kwamfuta. Akwai kuma sandar awo ta kamfanin Renishaw da ke gwada kewaye cikin mintuna. Amma ni dai ban ga amfanin biyan kuɗin leza ba alhali noti yana lako-lako. Auna ka turo min lambobin X da Y.